Filin Tambaya da Amsa: Masu Bincike Sun Zo Sun Tafi, Ina Rabonmu?

A wannan fitowa wasiƙu uku muka zaɓa, dukansu daga jihar Maraɗi, kuma dukansu sun taɓo maganar binciken ilimi da ake gudanarwa a ƙasashe masu tasowa irin tamu. Ta farko ta fi sauran zafi, saboda haka ita za ta ci mafi yawan filin.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye na gundumar Madarunfa, shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa a nan. A cikin waɗannan shekaru ban san iyakar masu binciken da suka sauka garinmu ba. Wasu su auna damtsen yara, wasu su ƙidaya itatuwan gonaki, wasu su shiga ajina su gwada karatun ɗalibai. Mai gari ya tara musu jama'a, a ba su ruwa, su cika takardunsu, mota ta tashi da su, daga nan shiru kake ji. Shin wannan aiki yana da wani amfani a gare mu, ko kuwa mu gona ce kawai da wasu ke girbin digiri a cikinta?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara basira. Ƙorafinka yana da tushe, kuma zan dawo kansa, amma bari mu fara da abin da aka girbe a wannan gona da ka ambata, domin jama'ar Madarunfa da kewaye sun ba duniya abin da yawancinsu ba su san sun bayar ba.

Waɗanda suka yi wayo a shekarar 2005 ba za su manta da yunwar da ta faɗa wa ƙasar nan ba, da yadda tamowa ta riƙa kwasar yara. Kafin wannan lokaci, akasari yaron da tamowa ta yi wa mummunan kamu sai an kwantar da shi a asibiti na tsawon makonni ana ba shi madara ta musamman, uwarsa kuwa ta bar gida da gona da sauran 'ya'ya ta zauna jinya. Gadajen asibiti ba su isa ba, kuma uwaye da yawa ba sa iya zaman. A wannan shekara ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa ta yi amfani da abincin nan na cikin ƙunshi mai suna Plumpy'Nut, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996 daga gujiya da garin madara da mai da sukari da sinadaran gina jiki, ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar, akasarinsu a jihar Maraɗi, kuma mafi yawansu a ɗakunan uwayensu suka warke. Alƙaluman da aka tattara a nan suna cikin hujjojin da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta suka amince a 2007 cewa ana iya jinyar irin waɗannan yara a gida, muddin suna iya cin abinci kuma babu wata cuta mai tsanani tare da su. A 2006 kuma an yi gwaji a ƙauyuka 12 na jihar nan, inda aka riƙa ba yara masu lafiya ƙunshi ɗaya a kowace rana har wata uku, a daidai lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna cewa matsananciyar rama ta ragu da kashi 58 cikin ɗari a ƙauyukan da suka samu, idan aka kwatanta da waɗanda ba su samu ba.

Awon damtse da ka gani shi ma yana da labari. Tsirin ma'aunin nan mai launin kore da rawaya da ja, idan ya nuna ƙasa da milimita 115 a damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, to tamowar ta yi tsanani. Da can ana ganin aikin ma'aikatan lafiya ne kaɗai, sai wani bincike da aka yi a Mirya ta jihar Damagaram ya nuna cewa uwaye, har waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, suna iya yin awon daidai idan aka koya musu. Yau ana raba wa uwaye wannan ma'auni a ƙasashe da dama.

A gundumarku ta Madarunfa ne cibiyar bincike ta Epicentre ta gwada wani rigakafin zawo da ake ɗiga wa jarirai a baki. Ƙwayar cutar rota tana cikin manyan abubuwan da ke jawo zawon da ke kashe ƙananan yara, kuma matsalar rigakafin da ake da su a lokacin ita ce sai an adana su cikin sanyi tun daga masana'anta har zuwa bakin yaro, abin da kowa ya san wuyarsa a inda babu wutar lantarki ga kuma zafin bazara. Wannan sabon, wanda wani kamfanin Indiya ya haɗa, yana jure zafin digiri 40 na tsawon watanni. An fara gwajin a 2014, aka bi diddigin jarirai fiye da 3,500, kowane ya sha sau uku, aka buga sakamakon a 2017: ya rage zawo mai tsanani na wannan ƙwaya da kimanin kashi biyu cikin uku. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masa hannu.

Akwai wani binciken na Madarunfa da nake son ka riƙe, domin ya fi nuna dalilin da ya sa ba za mu dogara da binciken wasu ƙasashe kaɗai ba. An saba ba duk yaron da tamowa ta kama maganin kashe ƙwayoyin cuta na amoksisilin ko da ba a ga alamar wata cuta ba, kuma wani bincike da aka buga daga Malawi a 2013 ya nuna amfanin yin haka. Da aka maimaita gwajin a cibiyoyin lafiya huɗu na Madarunfa da yara kimanin 2,400, sai aka ga yawan waɗanda suka warke bai bambanta sosai ba tsakanin waɗanda suka sha maganin da waɗanda ba su sha ba. Yaran Malawi da namu ba irin tamowa ɗaya ke damunsu ba, kuma cutar ƙanjamau ta fi yawa a can. Da ba a zo garuruwanku an auna ba, da hukuncin Malawi za a ci gaba da ɗora wa 'ya'yanmu babu mai tambaya.

Masu ƙidayar itatuwa kuwa labarinsu ya fi ban sha'awa, domin a nan manomi ne ya riga masani. Bayan farin shekarun 1970, an kashe kuɗi mai yawa wajen dashen itatuwa a ƙasashen Sahel, akasarin dashen kuma ya mutu saboda ƙishirwa da awaki. A 1983 wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa 'yan kurmin da ake sarewa kowace shekara lokacin sharar gona tohon kututturan itatuwa ne masu rai, waɗanda saiwoyinsu suka yi nisa cikin ƙasa. Abin da ake buƙata kawai shi ne manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi ya bar su, ya sassabe sauran, ya tsare su daga dabbobi da masu neman itacen wuta. Wannan shi ne sassaben zamani. Lokacin yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci, manoma da yawa suka sare itatuwan da rabon ya ƙare, amma waɗanda suka bari suka ga amfani, maƙwabta suka kwaikwaya, ƙauyuka irin su Ɗan Saga a gundumar Agye har kwamitin tsaron itatuwa suka kafa. A yankin Damagaram kuwa manoma da dama sun koma ga barin gawo a gonakinsu ba tare da wani shiri ya koya musu ba, domin kakanninsu sun san cewa gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa hatsi inuwa, kuma ƙarƙashinsa ya fi ko'ina albarka.

Kusan shekara ashirin wannan abu yana yaɗuwa duniya ba ta sani ba, har sai da masu bincike, ciki har da Mahamane Larwanou ɗan Nijar da Chris Reij da Gray Tappan, suka kwatanta hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975 da hotunan tauraron ɗan adam na wajen 2005, suka kuma bi gonaki da ƙafa. Ƙiyasinsu shi ne hekta kusan miliyan 5 sun sake yin itatuwa, wato itace kimanin miliyan 200. Masana suna jayayya a kan ko nawa ne rabon dawowar ruwan sama a cikin wannan nasara, kuma jayayyar tana da amfani, amma tun da aka buga waɗannan alƙaluma ake zuwa daga ƙasashe daban-daban ana koyon abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi da addarsu, kuma a 2018 Rinaudo ya sami lambar yabo ta duniya a ƙasar Suwidin, tare da manomin nan na Burkina Faso, Yacouba Sawadogo. A Tarna, nan bakin Maraɗi, masanan cibiyar binciken aikin gona ta INRAN sun yi aiki a kan buhun nan mai ninki uku da ke adana wake ba tare da magani ba, ta hanyar toshe wa ƙwari iska, da kuma sakin wani ɗan ƙaramin ƙwaro da ke kashe murzuna a zangarniyar hatsi.

To, Malam, yanzu ga ƙorafinka. Duk abin da na lissafa an buga shi ne da Turanci ko Faransanci a mujallun da suke Amurka da Turai, wasunsu ma sai an biya kuɗi kafin a karanta, kuma uwar da ta kai jaririnta sau uku aka ɗiga masa rigakafi da wuya a sami wanda ya koma ya faɗa mata da Hausa abin da aka gano. A ganina wannan babban gibi ne, kuma rowa ce da ba ta da uzuri, domin wanda ya iya ɗaukar hayar mota ya zo tambaya ya iya ɗaukar ta ya kawo amsa. Akwai kuma wani abin da ya fi wannan zurfi: wanda ya biya kuɗin bincike shi ke zaɓar tambayar da za a yi. Tun a 1990 wani kwamitin ƙasa da ƙasa ya nuna cewa ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin binciken lafiya a duniya ke tafiya ga cututtukan ƙasashe matalauta, kuma Tarayyar Afirka ta daɗe da kiran ƙasashenta su ware kashi 1 cikin ɗari na arzikin da suke samarwa domin bincike, amma akasarinsu ba su kai ba. Muddin daga waje kuɗin ke zuwa, tambayoyin da suka dame ka a ajinka za su ci gaba da jiran wanda zai ga dama.

Abin da ke hannunku shi ne sharaɗi tun ranar farko. Kafin mai gari ya tara jama'a, a tambayi baƙin takardar izinin hukuma, a tambaye su wace jami'a ko cibiya ta ƙasar nan suke aiki da ita, a kuma nemi su faɗi lokacin da za su dawo da sakamako, a rubuta a ajiye a wurinka, tun da kai ne mai alƙalami a garin. Idan ɗalibanka aka gwada, kana da haƙƙin neman a nuna maka inda suka yi rauni, ko da ba a ambaci sunan kowane yaro ba. Masu bincike na ƙwarai ba sa jin haushin wannan, sun san da ɗan gari akan ci gari.

TAMBAYA: Ni matar aure ce a Gidan Runji, ina da 'ya'ya uku. An taɓa neman in sa hannu a shigar da ɗana cikin wani gwajin magani, maigidana ya hana, ya ce abin da ya faru a Kano ya ishe mu ishara. Mene ne gaskiyar abin da ya faru, kuma shin mun yi kuskure?

AMSA: Hajiya, ba ku yi kuskure ba, domin ƙin shiga haƙƙinku ne, kuma bai kamata ya rage wa ɗanki komai daga kulawar da ake ba kowane yaro a likita ba. Abin da maigida ya tuna ya faru ne a 1996, lokacin annobar sanƙarau, inda kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Kano. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani da aka riga aka sani, 11 daga cikinsu suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye sun ce ba a yi musu bayani ba kuma ba a nemi yardarsu ba, kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi kisan, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Ɓarnar ba ta tsaya ga waɗannan iyalai ba, domin tana cikin dalilan da suka sa mutane suka juya wa rigakafin shan inna baya a arewacin Najeriya a 2003.

Sai dai kuma ta hanyar gwaji ne aka sami rigakafin sanƙarau nau'in A da aka fara yi wa jama'a a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010, wanda tun daga lokacin wannan nau'i ya kusan ɓacewa daga yankinmu, haka kuma maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 kowane wata da damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012. Saboda haka idan aka sake zuwa muku, ku zauna ke da maigida ku yi tambaya har ku gamsu. A yi muku bayani da Hausa, ba a miƙo muku takardar Faransanci a ce ku dangwala ba. Ku tambaya ko kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya ya amince da aikin, wace illa aka riga aka sani maganin yana da ita, wa zai ɗauki nauyin jinya idan yaro ya sami matsala, da kuma ko kuna iya janyewa duk ranar da kuka so. Ya kamata kuma a faɗa muku a fili cewa a irin wannan gwaji ƙuri'a ce ke raba yara gida biyu, kuma mai yiwuwa ɗanki ya faɗa cikin waɗanda za a ba abin da ya yi kama da maganin alhali babu maganin a cikinsa, domin da haka ne ake gane ko maganin ne ya yi aiki. Wanda ya yi muku gaggawa, ko ya fi ba da ƙarfi ga kyautar da za ku samu, ku bar shi ya wuce.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi. Ina son in rubuta kundin kammala karatuna a kan matsalar ilimi, amma abokaina suna cewa bincike na gaskiya sai da ɗakin gwaji da kuɗi masu yawa. Me aka riga aka gano, kuma ina ya rage wa irina?

AMSA: Ɗana, abokanka sun ɗauki kayan aiki a matsayin aikin kansa. Binciken da ya fi girgiza harkar ilimi a ƙasar nan jarrabawa ce kawai ta karatu da lissafi. Shirin PASEC, wanda ke auna ɗaliban ƙasashe masu amfani da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa a Nijar ko kashi 10 cikin ɗari na yaran ajin ƙarshe na firamare ba su kai matakin da ake buƙata a karatu ba, kuma mu ne na ƙarshe cikin ƙasashe goma. A awon 2019 an sami ci gaba, amma har a lokacin mafi yawan yara suna ƙasa da matakin. Ma'anar wannan ita ce gina aji da cika shi da yara bai isa ya sa su iya karatu ba.

An ga irin haka a Kenya, inda masu bincike suka raba littattafan karatu a wasu makarantun karkara suka bar wasu, sai aka tarar ɗalibai mafiya ƙwazo ne kaɗai suka amfana, saboda littattafan da Turanci aka rubuta su, harshen da yake na uku ga yawancin yaran. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin, Michael Kremer, yana cikin mutum uku da suka sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019. A Indiya kuma ƙungiyar Pratham ta nuna cewa idan aka kasa yara bisa abin da suka iya, ba bisa shekarunsu ko ajinsu ba, aka koya wa kowane rukuni daga inda ya tsaya, cikin 'yan makonni ake ganin canji. A nan gida, Jenny Aker da abokan aikinta sun gwada sa wayar salula cikin darussan yaƙi da jahilci a ƙauyuka fiye da 100 na jihohin Doso da Damagaram a 2009 da 2010, kuma waɗanda aka koya wa rubuta saƙo a waya sun fi sauran maki a rubutu da lissafi, domin sun sami abin da za su yi da karatun bayan an tashi daga aji.

Inda na ga ya fi dacewa da kai shi ne maganar harshe. Tun 1973 Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara ke fara karatu da Hausa kafin su shiga Faransanci, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Tambayoyin da suka biyo baya suna nan birjik, kuma ɗan Maraɗi ya fi baƙo damar amsa su: shin malaman da za su koyar sun iya rubuta Hausa bisa ƙa'ida, me iyaye ke tsoro idan aka ce za a fara da harshen gida, yaya yaron da ya fito makarantar allo yake kama boko idan aka kwatanta shi da wanda bai je ba, kuma kwana nawa ake yin karatu da gaske a ajin zana tsakanin ƙarshen girbi da faɗuwar ruwan farko. Ka zaɓi guda ɗaya, ka taƙaita ta ga makarantu huɗu ko shida da za ka iya zuwa da babur, misali a Tibiri ko Jirataua, ka shirya gajeren gwajin karatu da Hausa da Faransanci wanda malamin da ke duba aikinka ya amince da shi, ka gwada yaro ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta abin da ka samu ko da ya saɓa wa abin da kake zato. Ka nemi izinin hukumar ilimi da na iyaye kafin ka fara, kada ka sa sunan yaro ko ɗaya a cikin kundin. Idan ka kammala, ka taƙaita sakamakon a shafi biyu da Hausa, ka koma kowace makaranta ka karanta wa malamai da kwamitin iyaye, ka bar musu kwafi ɗaya a hannun shugaban makarantar.